In babur mai ƙafa huɗu ya ƙi tashi bayan an ɗaure inji

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ga shawara ga masu babur mai ƙafa huɗu, irin na shiga gona da daji.

Nawa an sauke injinsa a Suame Magazine, unguwar makanikai da ke Kumasi, an sa sabon fistin da ringi. Da muka kawo shi Zango sai ya riƙa juyi ba ya kamawa, yana tari ta kafireta. Na sayi sabon fulogi, na canza batir, duk a banza. Ashe sarkar tayimin ce, wadda ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, ta goce da haƙori ɗaya tak!

Don haka kafin ka kashe ko sidi ɗaya, buɗe murfin gefe, ka juya injin da hannu har alamar T da ke jikin fulawil, wato faifan da ke juyawa tare da injin, ta zo daidai da tsagar da ke jikin injin. In bawul biyun ba a rufe suke ba, ƙara juya shi zagaye ɗaya har T ta dawo; a daidai nan dole alamar da ke jikin giyar kam, wato giyar sama da sarkar ke juyawa, ta yi layi da kan silinda, bawul biyun kuma a rufe. Nan ake auna tazarar bawul, inji a sanyaye, da lambar da ke littafin babur ɗinka, ba da ƙiyasi ba. In ta matse, iska za ta tsere, ba zai tashi ba.

Ka duba makashin da ke kan hannu ma, da ko giya na firi.

In ya tashi, don Allah kada ka murɗe totur. Lallaɓa shi, ka zubar da baƙin man farko da wuri. Za ka ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Shuɗin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa kuwa, mayar wa maigidan da ya ɗaure ya sake duba ringin.