Yadda Nake Tantance Labarin "An Gano Sabon Magani"

Na yi shekaru ina aikin jinya a sashen da ake gwajin magunguna a kan mutane. Aikina shi ne auna zafin jiki, ɗibar jini, cike takardu, da tambayar majinyaci abin da ya ji tun zuwansa na baya. Shi ya sa duk lokacin da labari ya ɓulla cewa masana sun gano maganin kaza, ni 'yan uwa ke turo wa. Yayata ta fi kowa turowa, domin mijinta ya daɗe yana jinya, kuma kowane labari yana ɗaga mata rai. Ba na iya ce mata gaskiya ne ko ƙarya ne daga ganin kan labari. Akwai tambayoyin da nake bi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba sai mutum ya yi karatun likita zai iya yin su ba.

Fara da neman sanin a kan me aka yi gwajin. Ka karanta labarin har ƙarshe, domin sau da yawa can ƙasa ake ambata cewa a ɗakin gwaje-gwaje ne, ko a jikin ɓeraye. Abubuwa da dama suna kashe ƙwayar cuta a cikin kwalbar gwaji, amma jikin mutum wani abu ne daban. Sai hanji ya tsotsi maganin, sai ya tsallake hanta da ke farfasa shi, sai isasshe ya kai inda cutar take kafin ƙoda ta fitar da shi, kuma duk wannan ba tare da ya illata mai shan sa ba. Idan ma an kai ga mutane, gwajin hawa-hawa ne. A matakin farko mutane 'yan gomomi ake ba, a ga ko jiki zai ɗauka da kuma adadin da ya dace. A na biyu ɗaruruwa ne masu cutar. A na uku ne ake kai wa dubbai. Cikin magunguna goma da suka fara wannan hanya, kusan ɗaya kaɗai ke kai wa ga samun izinin shiga hannun jama'a. Saboda haka labarin matakin farko albishir ne ga masu bincike, amma bai zama magani ga mijin yayata ba tukuna.

Tambaya ta biyu ita ce wadda na fi ba muhimmanci, kuma idan ɗaya tak za ka riƙe, to ita ce: da wa aka kwatanta waɗanda suka sha maganin?

Dalilin yana cikin jikinmu. Garkuwar jiki tana kawar da cututtuka masu yawa da kanta, ko an sha magani ko ba a sha ba. Mura takan wuce cikin mako ɗaya ko kwana goma. Kuma mutum yakan nemi magani ne a ranar da ciwo ya fi tsananta, wato daidai lokacin da ya kusa fara sauka. Duk abin da ya haɗiya a ranar, shi zai yaba wa. Ba ƙarya yake yi ba idan ya ce ya sha ya warke. Abin da ba shi da hanyar sani shi ne yadda za ta kasance da bai sha ba.

Na ga wannan da idona. A wani gwaji da na yi aiki, rabin majinyata suna karɓar magani, rabi suna karɓar kafso mai kama da shi sak amma babu komai a ciki, kuma mu da su duka ba mu san wa ke shan wanne ba. Akwai wani dattijo da ya murmure ƙwarai, barcinsa ya daidaita, ƙarfinsa ya dawo, har yana yi mana addu'a duk zuwa. Ni a raina na gama yanke cewa ainihin maganin yake sha. Da aka kammala aka buɗe lambobin sirri, ashe kafso marar magani yake sha tun farko. Samun sauƙinsa gaskiya ne, na auna na rubuta da hannuna. Amma da ni aka bari in yi hukunci da abin da na gani, da na ba maganin yabon da ba nasa ba. Tun ranar na daina dogaro da "na ga wanda ya sha ya warke", ko da ni ce na gani.

Samun rukuni biyu kaɗai bai isa ba, sai ka duba yadda aka raba su. Idan likita ne ke zaɓar wanda zai ba sabon magani, zuciyarsa za ta karkata ko da bai yi niyya ba, ya ba masu ɗan ƙarfi, ya bar waɗanda suka galabaita a ɗaya rukunin. Hanyar da ta magance wannan ita ce ƙuri'a. A 1948 aka buga sakamakon gwajin maganin sitireftomaisin a kan masu tarin fuka a Birtaniya, wanda Austin Bradford Hill ya tsara rabonsa. An saka lambobi cikin ambulan a rufe, babu likitan da ya san inda majinyacinsa zai faɗa sai an buɗe. Mutum 55 suka sami maganin tare da hutun gado, mutum 52 hutun gado kawai, wanda shi ne abin da ake yi wa masu cutar a lokacin. Bayan wata shida, huɗu suka rasu a rukunin farko, goma sha huɗu a na biyu. Waɗanda suka duba hotunan ƙirjin majinyatan ma ba a gaya musu wa ya sha me ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma irin wannan gwajin nake nema a kowane labari: akwai rukunin kwatance, ƙuri'a ce ta raba, an kuma ɓoye wa masu aunawa.

Idan kana son ganin abin da ke faruwa in aka rasa waɗannan, tuna shekarar 2020. A watan Maris wani ƙaramin bincike daga birnin Marseille na Faransa ya ce maganin haidiroksikulorokwin yana aiki a kan korona, duniya ta ɗauka. Na zauna na karanta takardar. Mutum 26 aka ba maganin, amma 20 aka ƙirga. Shidan da aka cire, uku an kai su sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar asibiti, ɗaya ya daina sha saboda tashin zuciya. Wato waɗanda abin ya fi yi wa muni su ne suka fita daga lissafi. Ba a yi ƙuri'a ba, kuma abin da aka auna shi ne ko ana samun ƙwayar cutar a hanci, ba ko mutum ya rayu ba. Daga baya babban gwajin RECOVERY na Birtaniya ya raba da ƙuri'a, ya ba mutum 1,561 maganin, ya kwatanta su da 3,155 da ba su samu ba. Cikin kwana 28, kashi 27 cikin ɗari suka rasu a rukunin maganin, kashi 25 a ɗaya rukunin. Bai ceci rai ba. Takardar farkon kuwa mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2024. Don haka ka riƙa ƙirgawa: mutum nawa suka shiga, nawa aka ƙirga a ƙarshe, ina sauran?

Wannan gwaji na RECOVERY ya koya mini wani abu kuma. Shi ne ya gano cewa deksametason, tsohon magani da kowane asibiti ya sani, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi, da kusan ɗaya bisa biyar ga waɗanda ake ba iskar oksijin kawai. Amma ga wanda ciwonsa bai kai ga buƙatar oksijin ba, babu wani amfani da aka gani. Maganin yana kwantar da garkuwar jiki ne. Idan garkuwar ta wuce gona da iri tana lalata huhu, kwantar da ita ceto ne. Idan kuwa tana tsakiyar yaƙi da ƙwayar cuta yadda ya kamata, ka raunana mai tsaron ka ne. Saboda haka ka tambaya: waɗanda aka yi gwajin a kansu, sun yi kama da majinyacina a shekaru, da tsananin ciwo, da sauran cututtukan da yake ɗauke da su?

Sai kuma abin da aka auna. Lamba a takardar gwajin jini ta gyaru, wannan daban, mutum ya warke ko ya rayu, wannan ma daban. A ƙarshen shekarun 1980 an yi wani gwaji a Amurka mai suna CAST, a kan magungunan da ke daidaita bugun zuciya bayan ciwon zuciya. Bugun ya daidaita kamar yadda ake so, amma a 1989 aka dakatar da biyu daga cikin magungunan, domin masu shan su sun fi masu shan ƙwaya marar magani mutuwa fiye da ninki biyu. Haka nan in ka ga an ce rigakafi ya sa jiki ya samar da sojojin garkuwa, alama ce mai kyau, amma ka nemi inda aka nuna cewa waɗanda aka yi wa allurar sun fi tsira daga cutar.

Alƙaluma ma sai an zauna da su. "Ya rage haɗari da rabi" na iya nufin daga mutum 20 cikin ɗari zuwa 10, yana kuma iya nufin daga mutum biyu cikin dubu goma zuwa ɗaya. Duka rabi ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Nemi ainihin adadin mutanen. Ga misali na gaske: a gwajin rigakafin korona na Pfizer, mutum sama da dubu arba'in suka shiga, aka ƙirga 170 da suka kamu, 162 daga waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri marar magani, takwas daga waɗanda aka yi wa rigakafin. Daga nan kashi 95 cikin ɗari ya fito. Ba ya nufin biyar cikin kowane ɗari za su kamu. Yana nufin a wannan lokaci, a kan nau'in ƙwayar da ke yawo a lokacin, kamuwa ta ragu da wannan gwargwado.

Labarin da bai ambaci illa ba, bai cika ba, domin babu magani mai aiki da ba shi da ita. Illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu hamsin da wuya ta bayyana a gwajin mutum dubu uku, shi ya sa ake ci gaba da sa ido bayan magani ya fita. Talidomaid, wanda mata masu ciki suka sha a ƙarshen shekarun 1950, ya sa an haifi jarirai fiye da dubu goma da nakasa kafin a janye shi a 1961. A Amurka wata jami'a mai suna Frances Kelsey ta ƙi ba shi izini saboda hujjar lafiyarsa ba ta gamsar da ita ba. Ko sitireftomaisin ɗin da na yaba, yana taɓa ji da daidaiton tafiya, kuma cikin watanni ƙwayar tarin fuka ta fara bijire masa. Wannan ne ya kai ga haɗa magunguna, har yau ake fara jinyar tarin fuka da guda huɗu a sha wata shida a jimlace.

Abu na ƙarshe da nake dubawa shi ne ko wasu sun maimaita binciken sun sami abu ɗaya. Fitowa a babbar mujalla ba ta wanke bincike. A 1998 mujallar Lancet ta buga takardar Andrew Wakefield a kan yara 12, wadda ta jefa shakku kan rigakafin ƙyanda, wai yana da alaƙa da otizim, larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro. An janye ta a 2010, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita. Wani bincike a Danmak da ya bi yara 657,461 aka buga a 2019 bai sami wata alaƙa tsakanin rigakafin da larurar otizim ba. Amma kafin nan iyaye da yawa sun guji allurar, ƙyanda ta dawo wuraren da ta yi sauƙi. Ka kuma duba wanda ya biya kuɗin aikin. Kamfani ya ɗauki nauyin gwaji ba laifi ba ne, yawanci haka ake yi, amma nakan ƙara natsuwa in na ga an yi wa gwajin rajista tun kafin a fara, a rumbu irin ClinicalTrials.gov, domin a nan ake rubuta abin da za a auna, in an sauya shi bayan an ga sakamako kuwa, sauyin zai fito fili.

Abin da nake gaya wa yayata a aikace kaɗan ne. Ta rubuta sunan maganin daidai, da inda aka yi binciken, da shekarar. Kada mijinta ya ajiye ko ƙwaya ɗaya daga abin da aka rubuta masa, kada kuma ya ƙara wani a kai, domin magunguna suna karo da juna a hanta. Ranar ganin likita ta tafi da takardar, ta ce: "Likita, an gwada wannan a kan masu irin ciwonsa? Da me aka kwatanta shi? In ya sha, me za mu sa wa ido?" Zuwan da suka yi na baya-bayan nan, likitan ya karɓi takardar ya duba, ya ce musu gwajin yana mataki na biyu, kuma masu ciwon ƙoda irin na mijinta ba a saka su a ciki ba. Ya rubuta sunan maganin a fayil ɗinsa, ya ce su tuna masa in sakamakon mataki na uku ya fito.