Yadda Ake Gane 'Ya'yan Ƙwaron Kwana Ɗaya a Kogunan Afirka

Ƙwaron kwana ɗaya, wanda masana ke kira Ephemeroptera, a ruwa yake yin kusan dukkan rayuwarsa. Idan ya yi fiffike ya fito, ko abinci ba ya ci, sai barbara da ƙwai. Saboda haka mai nazarin kogi 'ya'yan yake bi. Jinsunansa sun haura 3,000 a duniya, amma kada wannan ya razana ka: dangin kawai za ka fara ganewa, kuma da gilashin ƙara girma na hannu ma ana yi.

Da rani ake fita, bayan ruwa ya lafa ya yi garau. Ka tanadi raga mai ƙananan idanu, farin faranti, buroshi mai laushi, hantsaki da kwalabe masu itanol kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Ka kafa ragar tana fuskantar inda ruwa ke zuwa, ka tsaya a gabanta kana birkita duwatsu da ƙafa, ruwa zai koro su ciki. Ka bi ciyayin gaɓa, taɓo da ruɓaɓɓen itace, kowanne da kwalbarsa, domin wurin da ka kamo ƙwaro rabin amsa ne.

Ka juye a farantin da ɗan ruwa, ka tabbatar shi ne. Alamominsa uku: jela uku sirara kamar zare (wasu biyu), ganyayyakin numfashi jere a gefen ciki, da farce ɗaya a kowace ƙafa. Mai jela biyu da farce bibbiyu ba shi ba ne, ɗan wani rukunin ƙwari ne, Plecoptera, a kogunanmu galibi Neoperla. Mai jela uku masu faɗi kamar ganye kuwa ɗan mazari ne.

Daga nan ka zuba ido kan ganyayyakin numfashi da siffar jiki. Wanda ya yi siriri, yana wulƙawa cikin farantin da sauri, ganyayyakinsa masu siffar ƙwai, Baetidae ne, kuma su za ka fi samu. A ruwa mai kwanciya akwai Cloeon, mai ganyayyaki biyu-biyu. Wanda ya baje, kansa faffaɗa, idanu a sama, ya manne wa dutse, Heptageniidae ne, a Afirka yawanci Afronurus. Ganyayyaki masu rassa ko geza na Leptophlebiidae ne. Caenidae ƙanana ne, sun sha laka, da murafai biyu masu kusurwa huɗu da suka rufe sauran ganyayyakin. Sai ka jira su motsa kafin ka gan su. Dogon gashi a ƙafafun gaba, wanda ake tace abinci da shi a ruwa mai ƙarfi, alamar Oligoneuriidae ce, irin su Elassoneuria.

Biyu ne ba sa ruɗa kowa. Prosopistoma garkuwa ce ta rufe bayansa, har masanin ƙwari Latreille da ya raɗa masa suna a 1833 ya ɗauka dangin ƙaguwa ne. Na biyun shi ne Povilla adusta, na dangin Polymitarcyidae: fari, jiki laushi, da haure biyu masu ƙarfi da yake huda itacen da ke cikin ruwa, har da jikin kwalekwale. Bayan an datse Kogin Volta a Akosombo ta ƙasar Ghana a 1965, itatuwan da ruwa ya shanye suka cika da shi, ya zama babban abincin kifi. Akwai shi a Kainji ma. A Tafkin Victoria an lura manyansa suna fitowa tururu a dararen da ke bin cikar wata. Idan ka fasa ruɓaɓɓen reshe ka ga ramuka da abin da ya yi kama da siliki, to gidansa ne.

Wajen adanawa aka fi yin ɓarna. Ganyayyakin da jelar saurin tsinkewa gare su, kuma su ne shaidarka, don haka da buroshi za ka ɗauka, kada ka cusa su kwalba ɗaya da yashi. Ka zaɓi waɗanda kumburin fiffikensu ya yi duhu, su ne suka kusa fita, alamominsu sun cika. Ka rubuta kogi, rana da irin wurin da fensir, ka jefa takardar cikin kwalbar, tawada itanol na iya wanke ta.

A ganina ɗalibi ya tsaya a dangi, in ya matsa ya kai jinsi na sama, irin su Cloeon ko Afronurus, ya fi ya laƙaba sunan da ya tsinta a littafin Turai. Sunan ainihin jinsin kuwa sai an fiɗe sassan baki a ƙarƙashin maikiroskop, kuma da yawa daga na Afirka babban kawai aka siffanta, ba a haɗa shi da ɗansa ba. Dangin ma ya isa auna lafiyar ruwa. A tsarin SASS5 na Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 2002, ana ba dangi maki mai yawa idan ba ya jure ƙazantar ruwa: Prosopistomatidae, dangin Prosopistoma, maki 15 ne, Heptageniidae 13, Caenidae 6, domin su sun fi jure laka da ƙazanta. Kogin da a bara ka sami Afronurus a ƙarƙashin duwatsunsa, bana sai Caenidae kaɗai, ka bi shi sama ka duba abin da ake zubawa.