Kafin Ka Ce Ka Ajiye Lissafi a SS3: Kurakuran da Aka Fi Yi

Kuskure na farko shi ne rashin sanin wane lissafi ake magana. Ɗalibi zai ce "ni na ajiye lissafi," alhali abubuwa uku ne daban. Akwai lissafin gama-gari da kowa ke zaunawa a WAEC da NECO, wanda ba a ajiye shi. Akwai Further Maths, wato lissafi mai zurfi, wanda zaɓi ne. Sai kuma lissafi a cikin darussa huɗu na JAMB, wanda kwas ɗin da kake nema ne ke yanke hukunci a kansa. Duk shawarar da ba ta bambance waɗannan ba, kar ka ɗauke ta.

Wani kuskuren da ya yi ɓarna sosai shi ne jin rabin labari. A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa ba dole sai da kiredit a lissafi ba kafin ɗaliban fannin Arts, wato irin su adabi, harsuna da tarihi, su nemi gurbin karatu. 'Yan aji da dama suka rufe littafin lissafi a ranar. Kwanaki kaɗan bayan nan ma'aikatar ta fito ta ce rajistar lissafi da zama jarrabawarsa suna nan daram ga kowa. Ban da haka, ɗalibin da yau yake son Hausa ko Tarihi yana iya komawa neman akanta ko tsimi da tanadi bayan shekara ɗaya, kuma a nan babu sassauci. D7 da E8 ba kiredit ba ne. C6 ce mafi ƙanƙantar abin da ake karɓa, kuma F9 a takardar sakamako tana bin mutum har wajen neman aiki.

A JAMB kuwa, kuskuren kan zo ta gefe biyu. Mai neman likitanci yana cusa lissafi don yana ganin ya iya, alhali abin da ake so shi ne Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji. Kiredit ɗin lissafi a WAEC ko NECO ne ake dubawa. Mai neman injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta kuma yana gudun lissafi ya sa bayoloji, ya ci maki 280, sannan a hana shi gurbi saboda haɗin darussansa bai dace ba. Gyaran yana da sauƙi: kafin ka je cibiyar rajista, buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB a intanet, nemi sunan kwas ɗin da jami'ar da kake so, ka rubuta darussan a takarda ka tafi da ita a aljihu. Kar ka bar mai shigar da bayanai a kwamfuta ya zaɓa maka, domin shi layin da ke bayanka yake kallo.

Further Maths ne wurin da shawara ta gaskiya take. Mai nufin likitanci, aikin jinya ko shari'a zai iya ajiye shi ba tare da asara ba, ya mayar da lokacin kan kemistiri ko adabin Turanci. Mai nufin injiniyanci, fiziks, kididdiga ko kwamfuta kuwa, ko da jami'ar ba ta sa shi sharaɗi ba, ajiye shi ɗage wahala ne zuwa shekarar farko ta jami'a, inda za a koyar da kalkulos, wani reshe na lissafi mai zurfi, a ɗakin da ɗalibai suka kai ɗaruruwa, malami ba ya jiran kowa. Idan makarantarku ba ta da malamin da zai koyar da shi yadda ya kamata, kar ka yi rajistarsa don kawai a cike darussa tara, takwas sun isa. Amma ka nemi wanda zai koya maka tushen kalkulos a lokacin zaman jiran sakamako.

Wasu kuma ba su ajiye lissafi a takarda ba, sun ajiye shi a zuci: suna zama a aji, ba sa taɓa biro. Yawanci sakamakon zango ɗaya ne ya karya musu gwiwa. Kafin ka yanke wa kanka hukunci, ɗauko takardun WAEC na shekaru uku da suka wuce. Takarda ta farko tambayoyi 50 ce cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu tana da tambayoyi 13, ana amsa 10 cikin awa biyu da rabi: biyar na farko dole ne, sai ka zaɓi biyar daga takwas da suka rage. Ka zauna da agogo ka yi, ka duba inda makin ke zubewa. Sau da yawa za ka tarar rami ɗaya ne ko biyu tun daga ƙaramar sakandare, kamar haɗa ɓangarorin lamba (fractions) ko sauya alamar ragi idan an tsallaka da lamba ɗaya gefen. Irin wannan ana toshe shi cikin mako uku ko huɗu, da tambayoyi goma a kullum.

A takarda ta biyu ana ba da maki ne kan matakan aiki. Wanda ya rubuta ƙa'idar daidai, ya zuba lambobin a inda suka dace, sannan ya kuskure a layin ƙarshe, zai kwashi mafi yawan makin tambayar. Wanda ya danna kalkuleta ya ajiye amsa ita kaɗai yana iya tashi da kusan babu.

Iyaye ma suna da nasu kason. "Ya bari, ya sake zama baɗi" yana nufin kuɗin rajista na biyu, kuma wasu jami'o'i ba sa karɓar haɗa sakamakon zama biyu a kwas irin likitanci. Idan akwai kuɗin, ya fi a biya malamin darasin yamma tun zangon farko na SS3, kafin makaranta ta tura sunayen darussa zuwa WAEC.