Kurakuran da Sababbin Masu Lambu Ke Yi Wajen Yaƙi da Kurege da Zomo

Duk shekara idan damina ta ɗauke aka shiga noman rani, sai in ga sababbin masu lambu a fadamarmu suna tafka kurakuran da na tafka a farkon shigata wannan sana'a, sannan su zo bakin rijiya suna kukan cewa kurege da zomo sun gama da su. Na gaji da maimaita bayani ɗaya ga mutum bayan mutum, shi ya sa na ga gara in rubuta shi. Ina noman latas da kabeji da karas, ina ɗan sa gyaɗa da dankali a gefe, kuma ina kiwon tattabaru, saboda haka abin da zan faɗa abin da hannuna ya taɓa ne, wani manomin yana iya samun tasa dabarar.

Kuskuren farko shi ne a fara yaƙi ba a san ɓarawon ba. Mutum zai tarar da ɓarnar dare ya ce kurege ne, alhali kurege da rana yake yawo, da dare yana cikin raminsa. Ɓarnar dare ta zomo ce ko ta gafiya. Zomo yana datse ƙaramin tsiro a karkace, tsaf kamar an sa wuƙa, ya bar ƙananan kashinsa masu dunƙule a gefen komi. Akuya kuwa, da yake ba ta da haƙoran gaba a sama, fizga take yi, sai a ga ganyen a yage. Kurege haƙa yake yi, yana bin layin shuka yana tone irin gyaɗa da na masara rami bayan rami, ita kuma gafiya cika kumatunta take yi ta kai gida, ba ta tsayawa ci a wurin. Ni idan abin ya rikice mini, toka nake yayyafawa a bakin komi da magariba, da asuba in karanta sawu.

Matasa masu waya suna da nasu kuskuren, wato kwafar abin da suka gani a bidiyon Amurka da Ingila. Kuregen can na bishiya ne, mai ruwan toka, wanda aka kai Ingila daga Arewacin Amurka a 1876 har ya cika ƙasar, kuma daga reshe yake tsalle ya faɗa wa mazubin tsabar da suke rataye wa tsuntsaye a bayan gida. Namu mai farin zane a gefen ciki na ƙasa ne, ramukansa suna cikin suri da gindin itatuwa da tsakanin duwatsu. Wanda ya kwafi dabarar can ba tare da tunani ba zai tsare sama ya bar ƙasa a buɗe.

Wannan ne ya kawo ni kan kuskuren da ya ci mini kuɗi da gumi, wato kafa raga ba a binne gindinta ba. A shekarata ta biyu na sayar da tunkiya na sayi ragar waya, na kafa dirkoki, na ja ta har zuwa ƙirjina, ina taƙama cewa lambuna ya fi na kowa tsaro. Gindinta kuwa na bar shi yana shafar ƙasa kawai, kuma idanunta manya ne, har yatsu uku suna shiga. Kafin mako biyu da dashe, zomo ya ɗaga gindin ragar a inda ƙasa ta ɗan zurma ya shige, ya aske mini latas komi bayan komi, kurege kuma ya haƙa ta ƙarƙashi ya kwashe irin gyaɗar da na shuka a gefe. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ragar ta hana karen maƙwabcina shiga, ta zama kamar na gina wa ɓarayin katanga ne don su ci cikin kwanciyar hankali. Har yau idan na ga mutum yana miƙa raga sama yana alfahari da tsayinta, nakan tambaye shi ko zomo da fukafukai yake zuwa.

Yanzu ba na sayen ragar da idonta ya wuce santimita 2.5. Ina barin santimita 90 a saman ƙasa, domin zomon daji gwanin tsalle ne, sannan in haƙa kwalbati in binne santimita 30, in lanƙwasa rabin abin da na binne ya kwanta yana fuskantar waje, ta yadda duk dabbar da ta fara haƙa a gindin raga za ta ci karo da waya ta haƙura. Kurege yana iya hawan raga, don haka gadon renon iri ina rufe shi har ta sama. A kula da ƙofa, domin nan ne ake yawan barin rata. Ni bulo nake jerawa a ƙarƙashinta. Dangar kara da shingen ƙaya suna tare akuya da saniya, amma ga zomo maɓoya ce kawai. Idan kuɗi bai kai a kewaye duka lambun ba, a kewaye iri da latas da kabeji da karas, a bar albasa da tafarnuwa a waje, tunda ba kasafai zomo yake kula su ba.

Wani kuskuren da ya ƙona mini rai shi ne guba, kuma a nan ba zan sassauta wa kowa ba, har da kaina. Bayan asarar latas ɗin nan zuciya ta ɗebe ni, na sayi shinkafar ɓera na cuɗa da dakakkiyar gyaɗa na ajiye a gefen lambu. Kuregen da nake hari bai taɓa ba. Tattabaruna ne suka sauka suka tsince, kafin la'asar na fara kwasar gawarsu, har da wata uwa mai 'ya'ya biyu a sheƙa, waɗanda su ma ba su kai labari ba. Bayan kwana biyu aka tsinci kyanwar maƙwabta a mace, ta ci ɓeran da ya ci gubar. Ku da kuke watsa wannan abu a fili kamar kuna shuka gero, kun taɓa tunanin yaran da ke farautar kurege da gafiya suna gasawa? Dabbar da ta ci guba ita ce take rage gudu, ita ce kuma yaro zai fara kamawa. Mujiya da shaho da kyanwa, waɗanda suke rage mana ɓeraye ba tare da mun biya su ko sisi ba, su ne suke bin bayanta. Masu jefa ƙwayar hayaƙin da ake sa wa hatsi a cikin ramin gafiya kusa da ɗakin kwana kuwa, gangancinsu ya fi na kowa, domin iskar da take fitarwa tana kashe mutum, kuma ba wanda ya san inda ramin ya ɓulla.

Tarkon akwati nake amfani da shi tun daga lokacin. Ina sa ƙuli-ƙuli a ciki, in ajiye shi kusa da bakin rami, in bar shi ba a ɗana ba har kwana uku sai dabbar ta saba shiga, sannan in ɗana, in riƙa dubawa safe da yamma. Masu ɗanawa ranar farko su cire rana ta biyu suna cewa ba ya aiki ba su san wayon kurege ba ne, wanda ko a tatsuniya ba a cika yi masa wayo ba.

Sai maganar abincin tattabaru da kaji. Da yawa suna watsa mudun dawa a tsakar gida da safe su tafi, abin da ya rage ya kwana a ƙasa, sannan su yi mamakin yadda kurege da gafiya da ɓeraye suka tare a gidan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lamarin ya wuce asarar tsaba, domin ɓera ne yake yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta hanyar fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Ni sau biyu nake ba su a rana, iya abin da za su cinye cikin minti 20, a kan faranti da na ɗora bisa bututun ƙarfe mai tsayin mita 1.2, nesa da katanga, na kuma huda tsohon daro na kife shi a jikin bututun ƙarƙashin farantin don mai hawa ya rasa inda zai kama. Ajiyar tsaba sai a gangar ƙarfe mai murfi, domin haƙoran waɗannan dabbobi ba sa daina girma, buhu da roba ba su tsare musu komai ba. Nakan kuma ɗan barbaɗa garin barkono a tsabar, tunda tsuntsu ba ya jin yajinsa, kurege kuwa yana ji, sai dai mai barbaɗawar ya kula da idonsa.

Sauran ƙanana ne. Mutum-mutumi da ledar da ake ɗaurawa a sanda suna aiki na kwana biyu ko uku, daga nan sai a sauya musu wuri ko su zama ado. Ruwan barkono da tafarnuwa da ake fesawa yana wankewa da ban-ruwa, kuma bai kamata a fesa shi a latas ɗin da ya kusa zuwa kasuwa ba. Ƙona ciyawar da ke kewaye yana ƙara turo zomo lambu, tunda nan kaɗai ya rage da kore. A sassabe faɗin mita biyu a bakin raga ya wadatar. Ƙananan dashen mangwaro da gwaiba kuma a naɗa musu raga mai tsayin santimita 60 tun ranar dashe, a bar rata tsakaninta da jikin itacen, domin da bazara zomo yana gaigayar ɓawonsu, kuma idan ya zagaye gindin gaba ɗaya, abin da ke sama da wurin bushewa yake yi.