Kurakuran da sabbin masu bin gasar besbol ta jami'o'in Amurka suka fi yi

Da zarar an tafi hutun Firimiya a ƙarshen Mayu za ka ga wasu ƴan uwanmu sun koma kallon besbol ɗin jami'o'in Amurka, wasu ɗalibai ne da ke karatu can abokai suka ja su, wasu kuma tashar wasanni ta ESPN kawai suka kunna cikin dare suka tarar ana yi abin ya kama su. Matsalar dai da idon ƙwallon ƙafa ake shigowa, ita kuwa wannan gasa ba a kan wannan tsarin aka gina ta ba, shi ya sa lissafin mutum yake ta rushewa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga an ci ƙungiya wasa ɗaya a ce shi kenan ta tattara ta koma gida. A'a malam, tsaya tukuna. Ƙungiyoyi 64 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA take ɗauka, tun 1999 haka ake yi, a raba su rukuni 16 huɗu-huɗu, wannan matakin shi ne rijinal, kuma ba a fita sai an ci ka sau biyu. Zakarun nan 16 su haɗu bibbiyu a supa rijinal, wanda ya ci wasa biyu cikin uku ya wuce. Takwas ɗin da suka rage su ne ke tafiya Omaha a jihar Nebraska inda ake yin matakin ƙarshe na gasar, wato College World Series, tun 1950, can ma gida biyu ake raba su, sai an ci ka sau biyu, sannan fainal wasa uku. Kuma kowane mataki sabon lissafi ake buɗewa, kashin da ka sha a rijinal ba ya bin ka gaba, wato ƙungiya za ta iya faɗuwa har sau huɗu a gasar ta kuma ɗaga kofi. Oregon State a 2006 wasanta na farko a Omaha Miami ta lallasa ta 11 da 1, ita ce ta tafi da kofin. Saboda haka kafin ka yi wa wani jaje, duba jadawali ka ga kashi na nawa ke nan a wannan matakin.

Sai kuma waɗanda suka gane wannan su zarce su ce ai kashin farko ba komai ba ne. Nan ma an kauce. Wadda ba a ci ta ba wasa uku kawai take bukata ta gama rijinal, wadda ta faɗi ranar Juma'a kuwa sai ta ci huɗu a jere kafin daren Litinin, wata ranar ma wasa biyu za ta buga, ɗaya da rana ɗaya da dare. To wa zai yi mata jifa, wato ya riƙa jefa wa masu bugun abokan hamayya ƙwallo? Nan fa duk sirrin gasar yake. Mai jifan da ya fara wasa ya jefa ƙwallo wajen ɗari, hannunsa sai ya huta kwanaki, a jami'a ma sau ɗaya a sati aka saba fito da shi, shi ya sa za ka ji ana cewa wane na Juma'a ne wane na Asabar wane na Lahadi. Idan aka kai wasa na biyar waɗannan duk sun ƙare, sai ka ga koci ya kira wani yaro ɗan aji ɗaya da bai fi sau nawa ya fito ba duk kaka, yana tafe daga wurin ɗumama jiki yana gyara hula, jama'a dubbai na ihu a kansa. Ni a ganina duk wanda yake son ya yi hasashe mai ma'ana ya daina ƙirga masu bugu, ya tambaya su waye suka yi jifa jiya da shekaranjiya, wa ya rage. Kuma kar ka zagi koci don ya ajiye gwaninsa a wasan farko da ƙaramar ƙungiya, wasan Asabar yake tanadi, caca ce dai, wani lokaci ta ci wani lokaci ta tashi da shi.

Akwai masu tara maki irin na gida da waje a Champions League. Babu wannan sam. Fainal ɗin 2023 ya isa misali, LSU, jami'ar jihar Louisiana, ta ci na farko 4 da 3, washegari Florida ta yi mata ruwan maki 24 da 4, wanda bai sani ba zai ce an gama, amma a na uku LSU ta rama 18 da 4 ta ɗauki kofi. In ka haɗa duka Florida na da 31 LSU na da 26, bai amfane ta da komai ba. Idan wasa ya ɓaci koci ba ya ƙona manyan masu jifansa a kai, barin sa yake ya tafi, don haka tazarar maki ba ta cika gaya maka abin da zai faru gobe ba.

Sannan batun lamba ɗaya a jerin da ake yi wa ƙungiyoyi bisa ƙarfinsu kafin a fara gasar. Mutum ya ji an ce wannan ce ta ɗaya a ƙasa sai ya rungume ta. Tun da Miami ta ci a 1999 tana lamba ɗaya ba a sake ba sai Tennessee a 2024. A 2025 Vanderbilt ce ta ɗaya Texas ta biyu, dukansu a filinsu aka fitar da su tun a rijinal. Fresno State kuwa a 2008 ita ce kutal a rukuninta, lamba huɗu, ta ci kofi, Coastal Carolina ma zuwanta Omaha na farko a 2016 ta ɗauke shi. Lamba tana da amfani, ba a musu, manyan 16 su ke karɓar baƙuncin rijinal, takwas na sama kuma in sun tsallake supa rijinal ma a gidansu za a yi, amma iyakarta ke nan. Haka sunan makaranta, kar ya ruɗe ka. USC, jami'ar Kudancin California, ce ta fi kowa kofi, 12, amma rabonta da shi tun 1998. Yanzu jami'o'in kudu ne ke shanawa musamman na SEC, haɗakar jami'o'in kudu maso gabas, daga 2019 zuwa 2025 duk kofin da aka buga su suka ɗauka, LSU ta kai takwas. Yanayi na daga cikin dalili, a watan Fabrairu ake fara kaka lokacin arewacin Amurka dusar ƙanƙara ba ta bar fili ba.

Kashe talabijin da wuri ma wani abu ne. Babu agogo a besbol, babu canjaras, sai an fitar da mai bugu na ƙarshe. A fainal ɗin 2018 da Oregon State saura mutum ɗaya tak Arkansas ta fitar ta zama zakara, ƙwallo ta tashi sama ta gefen layi, da an cafe ta mai bugun ya fita ke nan, ƴan wasa uku suka ruga kanta kowa na jiran ɗan uwansa ya cafe, ta faɗi ƙasa a tsakaninsu. Oregon State ta farke ta ci 5 da 3, washegari ta ƙara 5 da nema.

Wannan ba World Series ɗin ƙwararru na MLB ba ne da ake yi a Oktoba, kuma na mata da ake yi a Oklahoma City softbol ne, wasa daban. Kar kuma ka ɗauki alƙaluman yaran nan ka auna da na ƙwararru, su da sandar ƙarfe suke bugu, shi ne wannan ƙarar ƙyang da kake ji, ƙwararru kuwa ta katako ce. A fainal ɗin 1998 USC 21 Arizona State 14 aka tashi, daga baya dole aka yi ta rage wa sandunan ƙarfi, ƙa'idar da ake kai yanzu 2011 ta fara aiki.

Lokaci kuma a kula, a watan Yuni Najeriya da Nijar na gaban Omaha da awa shida, Ghana biyar, wasan ƙarfe shida na yamma can sha biyun dare ne a Kano. Kuma lokacin hadari ne, da an ga walƙiya kusa ake kwashe ƴan wasa daga fili a jira aƙalla minti 30, wani wasan ma sai a ɗage shi zuwa gobe, to ka leƙa jadawali a waya kafin ka tada janareta.