Yadda Ake Shiri da Halartar Kwanan Zaune na Daren Ista a Kaduna

Ana yin wannan sujada a daren Asabar da ke tsakanin Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu, da Lahadin Ista, ranar bikin tashinsa daga matattu. Ƙa'idarta ita ce a fara bayan duhu ya shiga, a gama kafin wayewar gari. Ta daɗe ana yin ta da safiyar Asabar, har sai da Fafaroma Pius na 12 ya mayar da ita dare a 1951, aka kuma tabbatar da hakan a 1955. Katolika ne suka fi riƙe cikakken tsarinta, kamar yadda ake gani a babban cocin St Joseph da ke Kaduna, ko da yake wasu majami'un Angilika ma suna yin ta.

Ista na faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato tsakiyar zafin bazara, saboda haka a sa tufafi marasa nauyi, a riƙe mafici da ruwan sha don yara da tsofaffi. Kowa ya zo da kyandirinsa, ya huda ɗan kwali ya zura shi a ciki don kada narkakken kyandir ya ɗiga masa a hannu. A tambayi katekis, wato malamin koyarwar addini na cocin, lokacin farawa tun da rana. Mai tahowa daga nesa, kamar Sabon Tasha ko Narayi, ya fito da wuri, domin binciken da ake yi a bakin ƙofa yakan ci lokaci.

A ganina, wanda ya makara ya rasa farkon sujadar ya yi babbar asara. Ana kashe fitilun coci gaba ɗaya, jama'a su taru a waje inda aka hura sabuwar wuta. Fada, wato limamin cocin, zai sa mata albarka, ya zana gicciye da Alfa da Omega (harafin farko da na ƙarshe a Girkanci) da lambar shekara a jikin babban kyandirin Ista, ya kafa ƙwayoyin turare biyar don tunawa da raunukan Yesu, sannan ya kunna shi. Ana shiga da shi cikin duhu, ana shelar hasken Almasihu sau uku. Kada kowa ya kunna nasa da ashana ko leta. A jira wutar ta iso daga hannun maƙwabci, a miƙa wa na kusa, domin dukan hasken daga kyandir ɗaya ya kamata ya fito. Fitilar waya ma a bar ta a kashe.

Daga nan sai karatu, kuma a nan ne ake bukatar haƙuri. Akwai guda bakwai daga Tsohon Alkawari, tun daga halittar duniya a littafin Farawa, da labarin Ibrahim da Ishaku, har zuwa alkawarin sabuwar zuciya a Ezekiyel 36. Ana iya rage su, amma ba a taɓa tsallake Fitowa 14, inda Isra'ilawa suka ƙetare Bahar Maliya. Yana da kyau iyali su karanta waɗannan surori a gida tun da yamma, don yara su gane labarin idan suka ji shi. Bayan na ƙarshe ana rera waƙar ɗaukaka, ƙararrawar da ta yi shiru tun daren Alhamis ta kaɗa, a karanta Romawa 6, sannan Halleluya, wadda ba a furta ba duk tsawon azumin kwana 40, ta dawo kafin Bishara.

Sai baftismar sababbin masu bi, inda sauran jama'a ke sake kunna kyandirori su sabunta alkawaransu na baftisma, a yayyafa musu ruwa. Mai niyyar karɓar tarayya mai tsarki, wato Jibin Ubangiji, ya dakatar da abinci awa ɗaya kafin lokacin.

Tunda akan tashi dare ya yi nisa, a shirya abin hawan komawa tun kafin a fito, a yi magana da mai keke ko maƙwabci mai mota, kuma 'yan unguwa ɗaya su tafi tare.