Yadda Za Ku Ziyarci Makarantar Kuɗi Ta 'Yan Mata Kafin Ku Sa 'Yarku

Iyaye suna ta tambayata wannan, to ga yadda ake yi:

1. Ku kira ofishin makarantar ku nemi ranar zuwa.
2. Ku zaɓi ranar da ake karatu. Hattara a nan, da yawa sai su je ranar da aka ware wa baƙi kawai, an share ko'ina an yi fenti kowa na murmushi, gaskiya ranar ba za ku ga ainihin makarantar ba.
3. Ku tafi da yarinyar, ita ce za ta zauna a can.
4. Ku leƙa aji ku ga ko ɗalibai na ɗaga hannu suna tambaya ba tsoro.
5. Ku duba banɗaki da kilinik, in ta kwana ce har hostel.
6. Ku yi hira da ɗaliba ɗaya ko biyu ba malami a kusa.
7. Ku tambayi shugabar makaranta wa ake kai wa ƙara in an ci zalin yarinya. In ta fara kwana-kwana ku lura sosai.
8. Ku karɓi lissafin kuɗi a rubuce, har da yunifom da littattafai. Don Allah kar ku biya a ranar.
9. Da kun fito ku tambayi 'yarku yadda ta ji, ku bar ta ta gama magana.